Shari'ar Dankalin Turawa

Asabar, bayan la'asar

A sani, a kuma sanar da wanda bai sani ba, daga unguwar Ƙurban ta Madina har zuwa bakin teku a Yanbu: mu, Sharfaddeen ɗan Audi, Alƙalin Alƙalan Kotun Tabarma, wanda hukuncinsa ke fita a jarida duk mako ba tare da wani mahaluki ya taɓa binsa ba, mun zauna yau, mun duba, mun auna, mun yanke cewa dankalin Turawa ba abinci ba ne. Ɗan rakiya ne. Ba shi da ɗanɗano sai wanda aka ara masa, ba shi da ra'ayi sai na man da aka jefa shi a ciki. Duk wanda ya ajiye shi a mazaunin shinkafa, kotu za ta ci shi tara.

Dalilin zaman kuwa shi ne Saifuddeen ya bugo waya. Surukina ne, Bature ɗan ƙasar Ayalan, wanda iyayensa suka raɗa wa Fergal. Injiniya ne da ya yi aiki a Yanbu. A can ya musulunta, ya koyi Larabci rabi na littafi rabi na leburori, sannan ya zo ya auri 'yata ta fari, ya tafi da ita garinsu Galway, inda aka ce ruwan sama ba ya hutun Juma'a.

Ba zan rubuta sunanta ba. Tun ranar da na raɗa wa liman shi a kunne ban sake furta shi ba, mahaifiyarta Ƙaltume ma haka. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa, ba a bari a ga an damu da shi. Haka mahaifinmu ya yi wa yayata Tasallah, ita kuma Yaya Tasallah ce ta goyi yarinyar, don haka ita ke da izinin tambaya da kuka. A gidan nan "mutuniyar Yaya" muke ce mata.

Saifuddeen ya ce an kwantar da mutuniyar Yaya a asibiti. Ciki wata bakwai, jini ya hau, likitoci sun ce ba za ta koma gida ba sai sun ga abin da hali ya yi. Ya faɗi haka, yana jiran abin da zan tambaya.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Me ake ba marasa lafiya su ci a can?"

"Dankali, ya Ammi." Haka yake kira na da Larabci, wato Baffa.

"Da dare fa?"

"Dankali. An kirɓa shi dai." Sai ya sassauta murya. "Ammi, zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba. Ni ba na son dankali. Idan aka ji a garin nan, sai a ƙwace mini fasfo."

Ya yi dariya. Na saurari dariyar da kyau. Wanda aka faɗa wa mummunan labari ba ya irin wannan dariyar. Sai na zauna na rubuta hukuncin.

Lahadi, da hantsi

Yaya Tasallah ta yi waya da mutuniyarta. Ta sauko daga benenta ta ce, "Ta ce da sauƙi."

Kotu ta ƙi karɓar wannan shaida. Bahaushe yakan ce da sauƙi ana tsaye a kansa ana tofa masa addu'a. Na taɓa gaida wani malami a asibiti ya ce mini da sauƙi, da la'asar muka sallace shi. Shaida guda ce abin dogaro a wannan lamari, ita ce muryar Bature, domin ba a koya masa ɓoye abin da ke cikinsa ba.

Sai dai suruki ba ya kiran suruki kullum babu dalili. Saboda haka kotu ta ƙirƙiri dalili. Za mu buɗe sabon babi a jarida: ra'ayoyin da mutanen Ayalan ke ɓoyewa don tsoron 'yan'uwansu. Saifuddeen ne wakilinmu. Na sanar da shi, ya ce ai zaman barandar asibiti ya ishe shi, zai yi da murna.

Talata, bayan azahar

Wakilinmu ya yi aiki. Ya bi baranda yana tambayar mutane, ya fara da gidansu.

Mahaifiyarsa, wata dattijuwa mai suna Nuala, ta ce a duk shirye-shiryen rediyon garinsu babu mai amfani sai sanarwar mutuwa, domin shi kaɗai ne ba a ƙarya a ciki. Ta ƙara da cewa shirin hira na talabijin da ƙasar ke taruwa a kansa daren Juma'a ita barci yake sa ta, shekara da shekaru tana yin kamar tana kallo. Kotu ta miƙe tsaye don girmama wannan baiwar Allah.

Mahaifinsa kuwa sai da ya waiga hagu da dama. Suna da wani wasa da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda mai faffaɗan baki, wanda suke ɗauka kamar gadon kakanni. Tsohon ya ce shi tun yana yaro bai taɓa ganin ƙwallon da idonsa ba. Mutane kawai yake gani suna gudu da sanduna, idan jama'a ta yi ihu shi ma ya yi. Nan Saifuddeen ya rufe rahoto.

Muryarsa daidai take. A bayansa na ji ƙarar cokali a kofi, sai wata mace ta yi tari. Na san tarin.

Da na ajiye waya, Ƙaltume na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, alhali ɗazu ta share wurin. Ta ce, "Malam, ya yi dariya?"

Na ce, "Har sai da ya ƙware."

Ta koma kicin. Miyar yau ta yi daɗi.

Laraba, bayan azahar

Muryarsa daidai take.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Na biya shagon Bakri. Bahaushen Sudan ne, mai sayar da dafaffen waken da ake kira ful da gurasar tamis, abokina tun zuwana Madina, kuma mutum mafi taurin kai da ya taɓa zama a kan tabarmar kotu. Na karanta masa sabon rahoto.

A Ayalan, in ji wakilinmu, gwamnati na ba iyaye kuɗi duk wata a kan kowane yaro, talaka da mai hali. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ra'ayinta shi ne a daina ba masu hali, domin maƙwabciyarta da kuɗin take zuwa hutu ƙasar Sifen. Wani mai karaya a ƙafa ya ce a'a, a bar wa kowa, domin da zarar an ce na talaka ne kaɗai, talaka zai ji kunyar karɓa. Gardama ta kaure har aka zo aka ce su rage murya.

Bakri ya ajiye ludayi. "Ya zol, mutumina, tsaya. A biya mutum don ya haihu?"

"Haka aka ce."

"Wallahi an cuce ni. Da a can aka haife ni, da yanzu ni ke ba gwamnati rance." 'Ya'yan Bakri idan suka tsaya sallah sahu guda suke cikawa.

Na ce ya faɗi nasa ra'ayin da ba a so. Ya ce shinkafar kabsa da mutanen nan ke alfahari da ita dafa-duka ce da ta samu takardar zama. Na umarce shi ya rage murya, muna da maƙwabta.

Da zan tafi ya ce, "Ya mai jiki?"

Na ce, "Sai ka tambayi Tasallah."

Ya ƙara mini tamis biyu a leda.

Lahadi, bayan azahar

Wakilinmu ya yi dariya, amma gajeriya. Ra'ayin yau a kan shayi ne, wai ƙasar ta rabu gida biyu a kan ganyen shayi iri biyu, shi kuwa a bakinsa duk ɗaya ne. Ban ji tari ba.

Ƙaltume ta tambaya. Na ce ya yi.

Litinin, bayan la'asar

Na kira Saifuddeen bai ɗauka ba. Na sake kira bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, na ce kotu na neman ra'ayin mahaifinsa game da ƙwallon ƙafarsu da ake kamawa da hannu.

Sannan ya ce, "Ammi, an yi mata aiki da safe. An ciro yarinya, tana cikin kwalba, ba ta cika tafin hannuna biyu ba. Matata ba ta farka ba."

Na ce, "Allah ya raya. Allah ya tashi kafaɗunta." Daga nan na buɗe baki, tambayar na nan a maƙogwarona, amma ba ta san hanyar fita ba, domin ba ta taɓa bi ba. Abin da ya fito shi ne, "Ana ruwa a can?"

Ban taɓa jin Larabcinsa ya miƙe haka ba.

"Ruwa? Kullum kana kira na. Dankali, rediyo, shayi, ƙwallo. Ko sau ɗaya ba ka ce yaya take ba. Mahaifiyata da ba ta haife ta ba a kan kujera take kwana. Kai ka san sunanta kuwa? Kada ka sake kira na sai ka tuna da shi."

Ya kashe.

Ƙaltume ta ji komai. Yau ba ta riƙo tsintsiya ba.

Talata, da hantsi

Kotu ba ta zauna ba.

Talata, bayan magariba

Wayar mutuniyar Yaya a kashe. Tawa kuma ba a ɗauka. Yaya Tasallah ta zo ta tsaya a kaina.

"Sharfa, kai da wannan kotun taka ta banza! Bature ne fa. Ina ya san kunya irin tamu? Da ka bar ni da shi."

"Yaya, ai ke Larabcinki na kasuwa ne."

"Na kasuwar ya fi naka amfani yau."

Ta kira da tata wayar. Ya ɗauka. Ta ce, "Fergal, kef binti?" Wato yaya 'yata. Ya ce, "Lissa, ya Khala." Wato har yanzu dai, Inna. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da aka halatta mata. Mu biyu muka zauna muna kallon bango.

Laraba, bayan asuba

Na taka zuwa masallacin Ƙuba. Na ɗaga hannu na ce, ya Ubangiji, Ka san wadda nake nufi.

Na dawo na tarar da Ƙaltume ta fito da kayan jarirai da ta ɗinka a ɓoye, tana ninkewa tana warwarewa. Da ta gan ni ta ce wai asu take dubawa. Na ce asu ya yi yawa bana.

Laraba, bayan la'asar

Lissa.

Na gwada ɗaukar saƙon murya, ni da na taɓa yanke hukunci a jarida cewa saƙon murya annoba ce. Na danna, na yi gyaran murya, na yi sallama, na sake gyaran murya. Na goge.

Alhamis, da hantsi

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, bayan azahar

Yanzu bari a rubuta yadda aka yi, domin tarihi.

Wayata ce ta yi ƙara, ta hoto. Na ɗauka, sai ga fuska a kan matashi, ta rame, leɓe ya bushe, amma idanun nan na kakarta suna nan yadda suke.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi?"

"An tashi, Baba. Da sauƙi."

Karo na farko a tarihinta, kotu ta karɓi wannan shaida.

Ta ce da ta farka, bayan ta tambayi jaririya, sai ta ce wa mijinta, Baba ya kira? Shi kuwa ya zazzage mata komai, yana huci: dankali, shayi, ruwan sama. Ta ce sau nawa ya kira? Ya ce kullum. Sai ta kama dariya har ɗinki ya motsa, aka zo aka yi musu faɗa.

"Na ce masa, Baba, lokacin da na yi ƙyanda a ɗakin Goggo Tasallah, kullum kana bakin ƙofa kana tambaya ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Har ka kawo mai gyara, na'urar lafiyarta lau."

Na ce kotu ba ta tuna wannan ba, kuma na'urar tana wata irin ƙara.

Sai fuskar Saifuddeen ta shigo, ja wur kamar tumatir. "Ammi, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Babu komai. Wakili yakan yi kuskure. Sai dai aikin jarida ya tsaya."

Ƙaltume ta ƙi zuwa gaban waya. Daga bayan labule ta ce, "A ce mata ta riƙa shan ruwan zafi." Yarinyar ta ce, "Na ji, Umma." Labulen ya yi ta motsi, babu iska.

Asabar, bayan la'asar

Wakilinmu ya koma bakin aiki, da rahoton da kotu ba ta nema ba.

Ya ba mahaifiyarsa labarin al'adarmu, yana zaton za ta yi mamaki. Nuala ta dube shi ta ce, "Kai wawa ne? Ubanka fa? Kullum yana zuwa asibitin nan, ya taɓa tambayar ka yaya kake? Sai dai ya ce ina ka ajiye mota, ka duba mai, tayar baya ta yi sanyi." Saifuddeen ya ce ya leƙa ta taga, sai ga tsohon a filin ajiye motoci, cikin ruwa, yana zagaya motar yana taka tayoyi da ƙafa.

Ra'ayin Nuala na yau, wanda ta ce a buga da sunanta: maza duk ƙasarsu ɗaya, fasfo ne kawai daban. Kotu ta ɗage sauraron wannan ƙara har illa ma sha Allahu.

Litinin, da hantsi

An raɗa suna. Yasmin. A nan muka yanka rago, Bakri ya tsaya a kan tukunya, ya dafa kabsar da ya zaga, ya kuma ci faranti biyu.

A lura da wata rahama da magabata suka bar mana: babu kunya tsakanin kaka da jika. Jika mace amaryar kakanta ce, yana da ikon tsokanarta da tambayar ta a gaban kowa. Saboda haka na kira, na ɗaga murya yadda duk bene zai ji.

"Ina amaryata? Ta ƙara nauyi? An cire mata robar hanci? Wannan amarya da ba ta kai kwalbar turare ba, da me za ta yi mini tuwo?"

Ƙaltume ta fito fili yau, ta ce, "Kishiya a kwalba? Ta fito mu gani, ni ba na tsoron bakwaini."

Na ce, "Mai ba amaryata abinci fa, tana cin nata?"

Saifuddeen ya ce, "Tana ci, Ammi. Jinin ma ya sauka." Yaron ya fara gane shari'a.

Laraba, bayan azahar

An sallami uwar. Amarya na nan a kwalba, amma an ce tana tsotso da kanta, tana kuma kuka da ƙarfi. Dangin ubanta sun ce muryar tasu ce. Ƙarya suke yi, ta Yaya Tasallah ce.

Na yi barcin rana har aka kira la'asar ban ji ba.

Lahadi, bayan magariba

Rahoton yau daga mutuniyar Yaya ya fito. Ta ce tunda kowa ya faɗi ra'ayinsa da ba a so, ita ma tana da nata.

"Baba, ni dai da son samu ne, da na ji yadda sunana yake a bakinka. Sau ɗaya. Ba dole ba ne."

Na ce wannan ra'ayi ya wuce hurumin kotu, sannan na tambayi yanayin ruwan sama. Ta yi murmushi ta ce ana yi.

Juma'a, bayan la'asar

Yau aka fito da amarya daga kwalba, aka kai ta gida.

Falonmu ya cika. Yaya Tasallah a gaba, Ƙaltume a gefenta, Bakri ya rufe shago ya zo da iyalinsa. Aka jingina waya da tulun shayi. A can ga Nuala, ga tsohon da hularsa a hannu, ga Saifuddeen. Na shirya jawabi na musamman a kan sakamakon binciken kotu game da mutanen Ayalan, na miƙe tsaye, na gyara babbar riga.

Ina cikin gabatarwa sai uwar ta ɗago jaririyar don mu gan ta da kyau. Hannunta bai gama ƙwari ba. Na ga ɗan kan nan, wanda bai fi lemon tsami ba, ya tafi baya.

"Rumaisa! Riƙe mata kai! Rumaisa, kan!"

Ta riƙe. Ashe ma hannun mijin na ƙasa, babu abin da zai faru.

Ƙaltume ta ja mayafi ta rufe fuska. Bakri ya ce, "La ilaha illallah, Alƙali ya faɗi." Yaya Tasallah ta dube ni ta ce, "Marar kunya," sannan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na dubi uwar a can Galway. Ta sunkuyar da kai a kan 'yarta, kafaɗunta na rawa, Saifuddeen na tambayar kowa da Turanci me ya faru, me ya faru, har sai da mahaifiyarsa ta ce ya yi shiru.

Jawabin bai samu shiga ba.

Juma'a, bayan isha'i

Kotun Tabarma ta yi zaman gaggawa. Wanda ake tuhuma: Sharfaddeen ɗan Audi. Laifi: kiran sunan 'yar fari a bainar jama'a, da ƙarfi, a gaban surukai na gida da na ƙetare, ba sau ɗaya ba. Shaidu sun yi yawa, musu ba zai yiwu ba. An tambaye shi ko yana nadama, ya ce a rubuta cewa kan ya tafi baya.

Hukunci: an ci shi tarar faranti guda na dafaffen dankalin Turawa, ba mai, ba yaji, ba gishiri, zai cinye gobe da rana a gaban waya, surukinsa na kallo. An kuma umarci surukin ya ci nasa farantin a can, a gaban mahaifiyarsa, yana murmushi.

Ƙaltume ta riga ta fere dankalin. Na ji ta a kicin ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, tana gwada sunan a bakinta. Kotu ba ta ji komai ba.